Lambar gida da duba gidan haya a Amurka: hukumar birni tana da hurumi a kaina?

Tambaya: Na sayi gida mai sassa biyu a wani ƙaramin birni a Amurka. Ina zaune a sashe ɗaya, na zuba 'yan haya a ɗayan. Sai ga takarda daga hukumar birni, wai lambar gidana ba ta ganuwa daga titi, wai kuma sai na yi wa sashen haya rajista an zo an duba shi cikin kwana 30. Gida nawa ne, da guminna na saye shi. Suna da ikon yi mini haka? In na ƙi fa?

Amsa: Malam, suna da iko, kuma takardar ba ta nufin wani ya kai ƙararka ko an sa maka ido. A biranen da ke da tsarin rajistar gidajen haya, duk wanda sunansa ya fito a matsayin sabon mai gida yakan sami irinta. Akwai ɗan abin da doka ta ba ka damar ƙi, zan zo kansa. Amma tun daga farko ka riƙe wannan: masu gidan da na ga sun sha wahala a wannan harka yawancinsu ba faɗuwa bincike ya ja musu ba, ajiye takardar suka yi a aljihun tebur suka manta da ita.

Ka fara sanin daga inda dokar take fitowa, domin shi zai hana ka bin shawarar da ba taka ba. Gwamnatin tarayya ba ta da dokar da ta ce ga girman lambar gida ko ga lokacin da za a duba gidan haya. Jiha ce take ba birane da gundumomi ikon kula da lafiyar gine-gine, kowane birni kuma ya rubuta tasa. Da yawa daga cikinsu ba sa zama su ƙirƙira daga tushe. Suna ɗaukar wani kundi da ake kira International Property Maintenance Code, a taƙaice IPMC, wanda ƙungiyar International Code Council ta fara fitarwa a 1998 kuma take sabunta shi duk shekara uku, sai majalisar birni ta amince da shi ta ƙara nata ta rage nata. Yawancin alƙaluman da zan kawo maka daga wannan kundin suke. Birninka yana iya tsananta su. Wasu jihohin ma, irin su North Carolina da Wisconsin, sun yi dokokin da suka taƙaita ikon birane na duba gidajen haya kai a kai. Saboda haka abin da abokinka na wata jiha ya gaya maka yana iya zama gaskiya a can, a wurinka ya zama kuskure. Duba takardar da aka aiko maka, za ka ga lambar sashen dokar da suka dogara da shi. Nemi wannan sashen a shafin intanet na birnin ka karanta da idonka.

Maganar lamba ita ce mai sauƙi, ka gama da ita a yini ɗaya. Sashe na 304.3 na IPMC ya ce kowane gini ya kasance da lambar adireshi a wurin da mai tsaye a kan titin da gidan yake kallo zai iya karantawa. Tsayin kowane harafi kada ya gaza inci 4, wato kusan santimita 10, kaurin zanensa kuma kada ya gaza rabin inci. Launinsa ya bambanta da na bangon da aka kafa shi. Kundin kashe gobara na wannan ƙungiyar, International Fire Code, ya ƙara da cewa a rubuta lambar da alƙaluma, kada a rubuta ta da kalmomi, sannan idan gidan yana can ciki a ƙarshen doguwar hanya ta yadda ba a hango shi daga titi, a kafa lambar a kan turke ko allo a bakin mashiga. Birane da yawa suna neman inci 6 ko fiye ga gidan da ya yi nisa da titi ko gini mai sassa da yawa, wasu kuma suna so a sake maimaita lambar ta baya idan akwai lungun da mota take bi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen launi. Mutum zai sayi lamba ta tagulla mai sheƙi, ya kafa ta a kan jan bulo ko ƙofa mai ruwan ƙasa. Da rana kyakkyawa ce. Shekara biyu ta yi duhu ta saje da bangon, da dare kuwa ko kana tsaye a bakin dakali sai ka matsa kafin ka gane 3 ce ko 8. Wani kuma lambarsa daidai take, amma shukar da ke gefen ƙofa ta girma ta rufe rabinta, ko ya kafa ta a jikin ƙofar gareji wadda in an ɗaga ta lambar ta koma kallon sama. Gidan da ke kan kwana yana da tasa matsalar: lambar dole ta fuskanci titin da sunansa yake cikin adireshin, ko da ƙofar da kuke shiga tana ɗaya titin. Gwajin da nake ba kowa shi ne ya fita bayan isha'i, ya tsallaka titi, ya tsaya inda direba zai rage gudu, ya duba. In sai ka kanne ido, ba ta yi ba. Baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, kusa da fitilar ƙofa, shi ke nan.

Abu biyu da ba sa maye gurbinta: lambar da ke jikin akwatin wasiƙa, wadda ta ma'aikatar gidan waya ce kuma inci ɗaya ma ya ishe ta, da lambar da ake fentawa a gefen kwalta. Ita ta gefen kwalta mota ɗaya in ta faka ta rufe ta, ƙanƙara in ta zuba ta binne ta. Masu liƙa takarda a ƙofa suna cewa za su fenta maka ita a kan kuɗi kaza yawanci 'yan kasuwa ne, ba ma'aikatan birni ba, ko da sun rubuta takardar da yaren hukuma.

Dalilin wannan ƙa'idar 'yan kwana-kwana ne da motar asibiti. Tun da aka fara amfani da lambar gaggawa ta 911 a garin Haleyville na jihar Alabama a 1968, tsarin ya ginu ne a kan cewa adireshin da mai karɓar kira ya samu shi ne wanda direba zai gani a jikin gini. Taswirar waya tana kai mutum unguwa, tana iya kai shi tsakiyar layi, amma a jerin gidaje masu kama ɗaya ba ta nuna masa ƙofa. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Minti ɗaya da aka ɓata ana haska tocila gida-gida daga cikin waɗannan ake cire shi. A gida mai sassa biyu irin naka, lambar waje kaɗai ba ta isa ba: kowace ƙofa ta ɗauki alamarta, A da B ko 1 da 2, yadda yake a rajistar hukuma, kuma yana da kyau ka rubuta a jikin kowace mitar wuta da ta gas wane sashe take yi wa aiki, domin mai kashe gobara in zai yanke wuta ba shi da lokacin tambaya.

Sai maganar dubawa, wadda ita ce ta fi ɗaga maka hankali. A da, birane ba sa shiga gidan haya sai ɗan haya ya kai ƙorafi. Aka lura cewa waɗanda suke cikin gidaje mafi lalacewa su ne suka fi tsoron buɗe baki: baƙo, talaka, wanda ake bin sa kuɗin wata biyu, wanda ba ya jin Turanci sosai. Sai birane suka koma duba kowane gidan haya bi da bi, ko da ƙorafi ko babu. Los Angeles ta fara nata tsarin a 1998, tana zagayawa gine-gine masu sassa biyu zuwa sama kusan duk shekara huɗu. Seattle ta yi dokarta a 2012, kuma tana barin mai gida ya ɗauki sufeto mai zaman kansa daga cikin waɗanda ta amince da su. Baltimore ta faɗaɗa nata daga Janairun 2019 ya haɗa har da gidaje masu sashe ɗaya da biyu. Wanda ya fi burge ni shi ne na Minneapolis, inda aka kasa gidaje mataki uku bisa tarihinsu: mai kula da gidansa sai bayan shekara 8 ake komawa wurinsa, na tsakiya shekara 5, mai yawan laifi kuwa duk shekara, kuma kuɗin lasisinsa ya fi tsada. A irin wannan tsari binciken farko yana da nauyi, domin shi ne farkon tarihinka a wurinsu.

Yanzu ga abin da za ka iya ƙi. A 1963 wani mai suna Roland Camara, ɗan haya a San Francisco, ya hana sufeto shiga sashensa sai da waranti, aka gurfanar da shi. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1967 ta yanke cewa gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana hukuma bincika gidan mutum ba bisa ƙa'ida ba, ya shafi irin wannan bincike, ba a hukunta mutum don ya ce sai an kawo masa takardar alƙali. Mutane da yawa nan suke tsayawa da karatu. A cikin hukuncin dai kotun ta ce samun wannan waranti ba ya buƙatar a nuna ana zargin gidanka da wani laifi. Ya isa hukuma ta nuna tana da tsari mai ma'ana, misali shekaru kaza sun wuce ba a duba gidajen unguwar ba. Ma'ana, ƙin naka jinkiri kawai zai saya maka. Sannan ka lura da wanda ya kai ƙarar: ɗan haya. Sashen da ka bayar haya, haƙƙin sirrinsa yana hannun mai zaune a ciki. In ya buɗe wa sufeto ƙofa, ba ka da ta cewa. In shi ya ƙi, ba aikinka ba ne ka ɓalle masa ƙofa. Ka rubuta wa hukuma cewa ka sanar da shi ya ƙi, su san yadda za su yi. Sashen da kai kake zaune kuwa, birane da yawa ba sa shigarsa, sai dai wuraren da kuka haɗa kamar matakala, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na'urar ɗumama gida.

Hasarar da ke cikin ƙin yin rajista ta fi ta tara girma, kuma a kotu take bayyana. A Filadalfiya, mai gidan da ba shi da lasisin haya ba shi da ikon karɓar kuɗin haya na lokacin da ya zauna babu lasisi. A jihar Maryland, babbar kotun jihar ta yanke a 2011 cewa mai gida marar lasisi ba zai iya bin gajeriyar hanyar kotu ta fitar da ɗan hayan da ya ƙi biya ba. Wato ranar da ka fi buƙatar doka ta tsaya maka, ranar lauyan ɗan haya zai tambayi lambar lasisinka. Ƙari a kan haka, IPMC yana lissafa kowace rana da laifi ya ci gaba bayan wa'adi a matsayin sabon laifi, kuma kuɗin da hukuma ta kashe tana iya ɗora shi bashi a kan gidan, ya tsaya maka a wuya ranar sayarwa. In gobara ta tashi a sashen da ba a yi wa rajista ba, kamfanin inshora ma zai sami abin kamawa.

Me sufeto yake dubawa? Ba ruwansa da kyan labule ko tsufan kabad. Idonsa yana kan abin da ke kashe mutum yana barci da abin da ke hana shi fita. Ƙararrawar hayaƙi ita ce ta farko: ɗaya a cikin kowane ɗakin kwana, ɗaya a farfajiyar da ke gabansu, ɗaya a kowane hawa har da na ƙarƙashin ƙasa. Zai danna maɓallinta ya ji ta yi ƙara, wani ma zai sauke ta ya duba ranar da aka ƙera ta a bayanta, domin bayan shekara 10 canza ta ake yi ko tana ƙara. Sau da yawa za ka tarar da ita a rataye, murfinta a buɗe, babu batir, saboda ta dami ɗan haya duk lokacin da yake suya. Maganin wannan shi ne ka matsar da ita nesa da murhu ka sa irin mai batir a rufe wanda ba a cirewa. Inda ake amfani da gas ko akwai gareji a manne da gida, sai an ƙara ƙararrawar iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi.

Daga nan sai hanyar fita. Ƙofar waje dole ta buɗu daga ciki ba tare da makulli ba. Irin makullin nan mai buƙatar ɗan makulli ciki da waje, wanda mutane suke so saboda ɓarayi, faɗuwa ce nan take, haka ma kwaɗo a ƙofar ɗakin kwana. Tagar ɗakin kwana sai ta buɗu ta kuma tsaya da kanta. A tsofaffin gidaje za ka ga tagar da aka yi ta shafa wa fenti shekara da shekaru har ta manne da katakonta. Sufeto zai sa hannu biyu ya ɗaga, in ta ƙi ya rubuta. Ma'aunin tagar tsira a ginin zamani shi ne buɗinta ya kai murabba'in ƙafa 5.7, tsayi aƙalla inci 24, faɗi inci 20, kuma kada bakinta ya wuce inci 44 daga daɓe. Wannan ma'aunin ne yake kayar da yawancin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka mayar na kwana.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Matakala mai hawa fiye da huɗu tana buƙatar abin dafawa, baranda da ta wuce inci 30 daga ƙasa tana buƙatar shinge. Na'urar ɗumama gida ta iya riƙe ɗakuna a digiri 68 na Farenhait, wato 20 na Selsiyas, ruwan zafi kuma ya kai 110, wato 43. Tankin dafa ruwa ya kasance da bawul ɗin rage matsi da bututunsa mai gangarowa kusa da ƙasa. Wannan ɗan bututun ba shi da tsada, amma yana cikin abin da aka fi mantawa. Kowane ɗaki soket biyu a wurare dabam, babu buɗaɗɗen akwatin waya, babu doguwar wayar jawo wuta daga soket da aka bi da ita ƙarƙashin kafet ta zama ta dindindin. Ba yoyo, ba danshi mai baƙanta bango, ba ɓera ba kyankyaso. Ɗakin kwana kada ya gaza murabba'in ƙafa 70, in mutum biyu ne ko fiye kowanne 50, rufin kuma ƙafa 7 daga daɓe.

Idan an gina gidanka kafin 1978, ka ba fenti kulawa ta musamman. A shekarar aka hana fenti mai dalma a gidajen zama, kuma dokar tarayya ta 1992 ta wajabta wa mai irin wannan gida ya sanar da ɗan haya a rubuce abin da ya sani game da dalma kafin a sa hannu a yarjejeniya, ya kuma ba shi ɗan littafin gargaɗi na gwamnati. Wannan kam ta shafe ka ko birninka yana bincike ko ba ya yi. Birnin Rochester na jihar Niyok ya wuce nan tun 2006: a unguwannin da haɗarin ya fi yawa, sufeto yana goge ƙurar bakin taga da ta daɓe a kai ɗakin gwaji. Kada ka ɗauki injin gogewa ka kankare tsohon fenti da kanka don ka burge sufeto. Ƙurar da za ka tayar ta fi ɓawon da kake son cirewa illa ga ƙananan yara.

Faɗuwa a zagayen farko abu ne da aka saba gani, ba abin kunya ba. Za a ba ka jerin gyare-gyare da wa'adi, yawanci makonni, sai dai abin da ya shafi rai kamar yoyon gas ko rashin ɗumi a hunturu, wanda ake so a gyara cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka bi sufeto ɗaki-ɗaki, duk abin da ya rubuta ka roƙe shi ya nuna maka da yatsa ya faɗi sashen dokar. In aikin ya fi ƙarfin wa'adin, nemi ƙari a rubuce kafin ranar ta cika, ka haɗa da takardar ɗan kwangilar da ka ɗauka; wanda ya nuna ya fara aiki ba kasafai ake hana shi ba. In kana ganin an zalunce ka, misali an auna tsohon gini da ma'aunin sabo a inda doka ba ta ce haka ba, IPMC ya ba da kwana 20 na ɗaukaka ƙara. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ɗan hayarka kuma ka sanar da shi ranar zuwan a rubuce. A Kalifoniya awa 24 ake ɗauka sanarwa mai ma'ana, wasu wuraren sun fi haka. Kuma ko ka gano shi ne ya kira hukuma, kada ka ƙara masa kuɗi ko ka ba shi notis a kan haka. Yawancin jihohi sun haramta ramuwar gayya, alƙalai kuma suna duba kusancin ranakun.

Abu ɗaya nake so ka bincika kafin ka ɗaga waya ka sa ranar dubawa, domin a nan lamba da bincike suke haɗuwa. Ka ce gidan mai sassa biyu ne. A wurin wa? Lambar gida hukumar birni ko gunduma ce take bayarwa, ba gidan waya ba, ba kuma mai gida ba. Akwai gidaje da yawa da wani mai shi na baya ya raba biyu ba da izini ba, ya sa murhu a sama, ya sayo harafin B ya kafa a ƙofar gefe, wasiƙu suka ci gaba da zuwa, dillali ya tallata shi a matsayin gida biyu. Sufeto tun daga mota yake ƙirga akwatunan wasiƙa da mitoci da ƙararrawar ƙofa, ya gwada da abin da ke cikin fayil. Je ofishin izinin gini ka nemi takardar shaidar zama ta gidan da tarihin izininsa, ka kuma tambayi ofishin tsara birni ko unguwar ta halatta gida mai iyali biyu. In takardu sun ce biyu, cike fom ka biya kuɗin rajista ka sa rana. In sun ce ɗaya, ka ga lauyan harkar gidaje a cikin kwana 30 ɗin nan kafin ka cike komai. Wani lokaci ana iya halatta sashen ta hanyar neman izini da yin gyara, irin su bango mai jure wuta tsakanin sassan da ƙofar fita ta biyu. Wani lokaci tsufan rabon yana ba shi kariya idan ya riga dokar unguwar. Wani lokaci kuma sai an mayar da gidan ɗaya, kuma a wasu birane kai za ka biya ɗan haya kuɗin tashi. Lauyan zai kuma duba takardun cinikin, ya ga ko wanda ya sayar maka ya rubuta cewa sassan biyu halattattu ne, domin in ya rubuta kana da abin bin sa.